Allon gidaje 36: yadda ajinmu na lissafin dayis ke tafiya a Agege

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Da yardar Allah yau muka buɗe aji bayan la'asar. Yara goma sha huɗu suka zo, maza tara, mata biyar, dukansu 'yan SS2 da SS3 na unguwarmu ta Hausawa a nan Agege. Shugaban Islamiyya ya ara mana ɗaki ɗaya, tunda Alhamis da Juma'a hutu suke yi. Abin da na sa a gaba shi ne kafin azumi ya kama, kowane ɗayansu ya iya zama ya lissafa yiwuwar fitowar lamba idan an jefa dayis, ɗaya ne ko biyu, ba da hadda ba. WAEC na tafe a watan Mayu, kuma wannan babi yana cikin waɗanda yaranmu ke tsallakewa, ko su yi masa canki-canka.

Akwai dalili na biyu. Daga ƙofar gidana zuwa gadar Pen Cinema shagunan cacar ƙwallo sun fi a ƙirga, kuma samarinmu na cikin masu leƙa su. Kullum sai na ji wani yana cewa "na daɗe ban ci ba, yau kam lokacina ya yi". Wannan magana lissafi ce, sai dai gurɓatacce, kuma wa'azi kaɗai bai cire ta daga kansu ba. Ina so su ƙirga da hannunsu su gani.

Abin da na kashe: lido guda biyu N3,600 (dayis huɗun da ke ciki nake nema), kwali shida N1,800, maka uku N1,500.

Na tambaye su wace lamba ce ta fi wuyar fitowa a dayis. Goma sha ɗaya suka ce siki, wato 6. Ban musa musu ba, na dai rubuta amsar a allo da kwanan wata.

Juma'a, 10 ga Janairu

Dayis ɗaya. Fuska shida, kowace tana da damar 1 bisa 6. Na raba su gida huɗu, kowane gida ya jefa sau 60 ya rubuta. Wani gida ya sami siki sau 15, wani sau 6 kawai. Nan take gardama ta kaure, wai yaron mai shayi yana da "hannu". Da muka haɗa na gidajen huɗu, siki ya zama 43 cikin 240, abin da lissafi ke tsammani kuma 40 ne. Wasu sun yi shiru, wasu sun ce gobe ma rana ce.

Wata yarinya ta lura da kanta cewa duk fuskoki biyu da ke bayan juna jimlarsu 7 ce: 1 da 6, 2 da 5, 3 da 4.

Alhamis, 16 ga Janairu

Yau aka sha fama. Tambayar ita ce, idan an jefa dayis biyu, hanya nawa za su iya faɗuwa? Babban ɗalibina, ɗan wani mahauci da ke aiki a mayankar Oko-Oba, ya fito allo ya jera su tsaf: 1 da 1, 1 da 2, har zuwa 6 da 6, ya sami 21. Ajin gaba ɗaya ya yarda da shi. Na ce 36 ne, ya ce, "Malam, ai 2 da 5 shi ne 5 da 2, me ya sa za a ƙirga abu ɗaya sau biyu?"

Tambaya ce mai kyau ƙwarai, kuma bayanin baki bai kashe ta ba. Na yi ta juyawa suna kallona. Sai na aiki yaro shagon kayan kwalliya ya sayo jan farce na N500, muka shafe dayis ɗaya da shi, muka bar ɗayan fari. Da ya bushe na ce a jefa. Ja ya ba da 2, fari ya ba da 5. Can gaba ja ya ba da 5, fari ya ba da 2. Na ce, wannan da wancan abu ɗaya ne? Idonsu ya nuna musu ba ɗaya ba ne. Ja yana da hanya 6, kuma ga kowace hanya tasa fari yana da 6, shida sau shida 36. Fentin bai sauya komai a jikin dayis ba, tun asali su biyu ne daban, mu ne ba mu iya bambanta su.

Don kada yaron ya ji kunya na gaya musu cewa Laibniz, Bajamushen nan da ke cikin mutum biyun da suka ƙirƙiro kalkulas, wani babban reshe na lissafi, shi ma ya rubuta cewa jimlar 11 da ta 12 damarsu ɗaya ce a dayis biyu. Alhali 12 hanya ɗaya gare ta, 6 da 6, ita kuwa 11 hanya biyu, 5 da 6 da kuma 6 da 5.

Na yanke shawara kwali ba zai riƙe wannan aiki ba. Allon katako nake so, mai gida shida a tsaye, shida a kwance, kowane gida da ƙusa a tsakiyarsa da za a rataya murfin kwalba.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin kafintan da ke kusa da layin dogo. Dattijo ne Bayarabe mai jin Hausa sosai. Falanki N7,000, fenti da ƙusa N3,500, kuɗin aiki N4,000. Da ya fahimci na yara ne, ya ce zai yanka mana manyan dayis biyu na katako kyauta daga ragowar itace, don na bayan aji su riƙa gani. Na biya ta Oshodi na sayo ƙananan dayis dozin ɗaya, N1,200.

Alhamis, 23 ga Janairu

Ba a yi karatu ba yau, kuma mun rasa ɗakinmu.

Ina isowa aka ce Malam Liman na nemana. Na same shi a zauren gidansa tare da mahaifin ɗaya daga cikin yaran. Uban ya ce ɗansa ya koma gida yana ba da labarin ana jefa dayis a Islamiyya, shi kuwa bai tura ɗansa koyon caca ba. Ransa a ɓace yake, kuma na ga dalilinsa.

Malam ya bari ya gama, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗana, wasa kuke yi ko karatu?" Na ce, "Allah gafarta Malam, karatu ne." Na buɗe masa tsofaffin tambayoyin WAEC da ke jakata, na nuna masa inda aka ce an jefa dayis biyu, a nemo yiwuwar samun jimlar 8. Na ce babu kuɗi a ciki, babu mai ci babu mai faɗuwa, ko allon lidon ma ban taɓa shimfiɗawa ba. Na kuma faɗa masa abin da ke raina game da shagunan caca.

Ya yi shiru ɗan lokaci. Sannan ya tuna mana ayar Suratul Ma'ida da ta haɗa giya da caca ta ce a nisance su, da hadisin da ke cikin Sahihu Muslim a kan mai wasan nardashir, wanda da dayis ake yin sa, da irin tsananin da aka kwatanta shi da shi. Ya ce bai ga laifin lissafin ba, kuma niyyata ya gamsu da ita, amma ɗakin na karatun Alƙur'ani ne, ƙananan yara na leƙe ta taga, su ba su san WAEC ba, abin da za su tafi da shi shi ne sun ga manya na jefa dayis a makarantar Malam. Ya ce in nemi wani wuri. Ya ƙara da sharaɗi biyu: dayis su zauna a hannuna, kada yaro ya tafi da su gida, kuma kada a taɓa sa ko da alewa a matsayin ladan wanda ya canka daidai.

Ban ja da shi ba, don maganarsa ta kama hankali. Sharaɗin na biyu ma ya hana ni abin da na so in yi mako mai zuwa, na raba biskit ga gidan da hasashensa ya fi kusa. Yanzu da na sake tunani, da na yi hakan da na koya musu daɗin da ɗan caca ke ji.

Uban dai bai sauko ba. Ya ce ɗansa ya daina zuwa. Yaron na cikin masu ƙoƙari, abin ya dame ni har dare. Mun koma goma sha uku.

Juma'a, 24 ga Janairu

Neman wuri. Wani mai makarantar kuɗi ya ce N5,000 duk zama, ba zan iya ba. Da na je karɓar allo na ba Baba kafinta labari, ya ce rumfarsa babu kowa daga ƙarfe biyar, ga bencina da bai sayar ba. Matsalar rumfar biyu ce, duhu da ƙarar jirgin ƙasa. Na sayi fitila mai caji N9,500, wadda ita ce kashe kuɗi mafi girma tun da muka fara.

Alhamis, 30 ga Janairu

Zaman farko a rumfa, da sabon allo. Lambobin jan dayis a gefen hagu daga sama zuwa ƙasa, na fari a sama daga hagu zuwa dama. Yara sun tara murafen lemo fiye da ɗari, mun huda su da ƙusa.

Na ce a rataya murfi a duk gidan da jimlarsa 7. Murfi shida suka jeru a karkace daga wannan kusurwa zuwa waccan. Jimlar 6 biyar, ta 8 biyar, 5 da 9 huɗu-huɗu, 4 da 10 uku-uku, 3 da 11 biyu-biyu, 2 da 12 ɗaya-ɗaya a can ƙurya. Suka haɗa da kansu ya ba da 36. Ban rubuta ƙa'ida ko ɗaya ba.

Sai muka shiga abin da kowa ke jira. A lidon da ake yi a nan da dayis biyu ake jefawa, kuma ɗa ba ya fita daga gida sai an sami siki. Na ce, mece ce yiwuwar samun siki ko da a ɗaya ne? Amsa ta fito da sauri: 1 bisa 6 a haɗa da 1 bisa 6, wato 12 bisa 36. Na ce to a rataya. Suka cika layin da ja ya ba da 6, murfi shida. Suka fara layin da fari ya ba da 6, da suka iso gidan ƙarshe sai suka tarar da murfi a kansa tuni. Gidan siki biyu na layukan nan biyu ne, ba a ƙirga shi sau biyu. Murafe 11 ke nan, 11 bisa 36, kusan kashi 31 cikin ɗari.

Yarinyar nan mai lura ta ce ita ta wata hanya ta bi. Ta ƙirga gidajen da babu murfi, biyar sau biyar 25, ta ɗebe daga 36. Na tsayar da aji na ce kowa ya kwafi hanyarta, domin ita ce za ta fitar da su idan dayis suka zama uku ko huɗu: ka lissafa yiwuwar abin bai faru ba ko sau ɗaya, ka ɗebe daga ɗaya.

Da wannan muka amsa ƙorafin da kowane mai lido ke yi, na zama a gida ba fita. Rashin siki a jifa ɗaya 25 bisa 36 ne. Sau biyar a jere, a ninka shi a kansa sau biyar, ya ba da kusan kashi 16 cikin ɗari. Wato a cikin 'yan wasa shida, ka sa ran ɗaya zai yi zagaye biyar bai fitar da ɗa ba, ba tare da kowa ya yi masa baki ba. Zagaye goma kuwa bai kai kashi 3 ba, amma yana faruwa.

Jirgi ya katse mu sau da yawa. Mun koyi yin shiru har ya wuce.

Juma'a, 31 ga Janairu

Gida shida, kowane ya jefa dayis ɗaya sau 120, a rubuta lambobin bi da bi yadda suka fito. Na tafi da takardun gida.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ranar Lahadi da na zauna duba takardun, ta gida na huɗu ta tsaya mini a rai. Ta yi kyau fiye da kima. Kowace lamba ta fito tsakanin sau 19 da 21. Na tuna kuma su ne suka riga kowa gamawa ranar Juma'a, suna can bayan tarin katako inda ba na ganinsu sosai.

Sai na ƙirga wani abu da ba su yi tunaninsa ba: sau nawa lamba ta maimaita kanta nan take, kamar 3 sannan 3. Duk abin da ya fito, damar na gaba ya zama irinsa 1 bisa 6 ce. A jifa 120 akwai maƙwabta 119, don haka ana sa ran maimaici kusan 20. Sauran gidaje biyar sun sami 17, 23, 19, 16 da 22, kuma a cikinsu akwai wuraren da lamba ɗaya ta fito sau uku a jere, wani wuri ma sau huɗu. Gida na huɗu maimaici 3 kacal, babu sau uku a jere ko ɗaya.

Na daɗe ina tunanin yadda zan yi da su. Ban so in tozarta yara a gaban 'yan uwansu, amma darasin ya fi ƙarfin a binne shi. Na kira su biyun kafin aji na ce, "Ku gaya mini gaskiya, kun jefa?" Suka sunkuyar da kai. Sun jefa kusan ashirin, suka gaji, ana kuma nuna ƙwallo a gidan kallo, sai suka cike sauran daga ka. Ɗayan ya ce, "Malam, don Allah ta yaya ka gane? Mun fa yi ƙoƙari mu cakuɗa su." Na ce cakuɗawar ce ta tona ku. Na nemi izininsu in nuna wa aji, suka yarda.

Abin da ya fito a ajin ya fi duk abin da na shirya. Mutum idan zai ƙirƙiri lambobi daga kansa, da ya rubuta 4 sai ya ji bai dace 4 ta sake biyowa ba, sai ya kauce mata. Yana tuna abin da ya wuce, yana rama wa lambar da aka daɗe ba a gani ba. Dayis ba ya tuna komai. Na ce su ɗauki takardu biyar na gaskiya su duba duk inda siki ya fito, me ya biyo bayansa. Siki 97 ne ke da jifa a bayansu, a cikinsu sau 17 siki ne ya sake fitowa, kusan ɗaya bisa shida. Suka kuma gano wani wuri a takardar gida na biyu inda aka yi jifa 24 babu siki. Na tambayi masu takardar, a jifa na ashirin me kuka ji? Suka ce sun rantse na gaba siki ne. Na ce to damarsa a lokacin nawa ce? Aka yi shiru, sannan ɗan mahauci ya ce, "Ɗaya bisa shida, Malam. Kamar na farko."

Su biyun sun sake nasu a gabana bayan an tashi. Maimaici 21.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Mun gwada manyan dayis na katako kafin mu fara aiki da su, kuma gara da muka gwada. Na farkon, jifa 300: lamba 1 ta fito sau 71, lamba 6 sau 68, sauran huɗun 42, 38, 41 da 40. Ana sa ran 50 kowace. A jifa 300, kaucewa da shida ko bakwai abu ne na yau da kullum, da goma sha uku ma ana gani jifa-jifa, amma da ashirin, kuma a fuskoki biyu da ke bayan juna, wannan ba sa'a ba ce. Baba ya ɗauko awonsa ya gwada. Tsakanin fuskar 1 da ta 6 katakon ya gaza sauran ɓangarorin da 'yan milimita, don haka ya ɗan yi faɗi, yana son kwanciya a kan waɗannan fuskoki biyu.

Baba bai ji daɗi ba, ya ce zai sake yanka wasu. Na roƙe shi ya bar mana wannan ɗin yadda yake. Duk lissafin 1 bisa 6 da muke yi ya tsaya ne a kan sharaɗin cewa fuskokin daidai suke, littafi yakan ce "dayis mai adalci" ya wuce, yara ba sa ko lura da kalmar. Yanzu suna da marar adalci a hannu.

Na ba su labarin Weldon, masanin halittu ɗan Ingila, wanda a 1894 ya jefa dayis goma sha biyu sau 26,306 yana rubutawa. Ya tarar 5 da 6 suna fitowa ɗan fiye da yadda ya kamata. Bayanin da aka fi bayarwa shi ne ramukan ɗigon da ake haƙawa: fuskar 6 ta fi rasa nauyi, fuskar 1 da ke bayanta ta fi nauyi, sai ta riƙa komawa ƙasa. Bambancin ƙanƙane ne ƙwarai, sai da jifa dubbai ya bayyana. Da waɗannan alƙaluma Karl Piyasin, masanin lissafi ɗan Ingila, ya gwada hanyarsa ta auna irin wannan kaucewa a 1900. Yaron mai shayi ya ce ashe siki ma ya fi sauƙin fitowa. Na ce a dayis ɗin Weldon, da ɗan kaɗan, kuma ba abin da zai ji a wasa ɗaya.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Babban gwaji na dayis biyu. Gida shida, jifa 120 kowane, jimla 720, a gabana wannan karon. Kafin a fara kowa ya rubuta abin da allo ya ce: gida ɗaya na allon ya cancanci 20, don haka jimlar 7 ta sami 120, 6 da 8 su sami 100, haka har zuwa 2 da 12 masu 20.

Abin da ya fito: jimlar 2 sau 17, 3 sau 44, 4 sau 58, 5 sau 85, 6 sau 96, 7 sau 126, 8 sau 103, 9 sau 74, 10 sau 61, 11 sau 37, 12 sau 19.

Takardar kowane gida ita kaɗai a karkace take, a wani gida ma 8 ta fi 7 yawa. Sai da aka haɗa tudun ya fito sosai. Wannan shi ne abin da Yakubu Barnuli na Siwizalan ya tabbatar a aikinsa da aka buga a 1713, cewa yawan gwaji yana jawo kason da aka samu kusa da na lissafi. Na ja kunnensu a kan abu ɗaya, don a nan ake zamewa: ba wai dayis yana biyan bashin abin da ya hana a baya ba ne. Yawan sababbin jifa ne ke nutsar da tsohon bambanci har ya zama ba a ganinsa.

Juma'a, 14 ga Fabrairu

Babu wuta tun jiya, fitila ba caji. Mun yi tambayoyin WAEC takwas kafin magariba muka tashi. Mutum tara suka zo.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Ɗaya daga cikin yaran nan biyu na gida na huɗu ya kawo tambaya da kansa. Ya ce akwai wasan da ya gani ana yi a wata tasha: mai wasa na jefa dayis biyu, kai kuma ka sa kuɗi a "ƙasa da bakwai" ko "sama da bakwai". Ka ci, a ba ka ninkin abin da ka sa. Ka sa a bakwai cif, a ba ka riba ninki huɗu. Ya ce shi a ganinsa rabi da rabi ne, mai wasan ma kasada yake yi. Ban tambaye shi ko ya taɓa sa nasa ba. Yadda ya san dokokin dalla-dalla ya ishe ni amsa.

Na miƙa masa murafe. Ƙasa da bakwai gida 15. Sama da bakwai gida 15. Layin bakwai na tsakiya gida 6, kuma idan ya fito, na ƙasa da na sama duk sun faɗi. Na ce ka ɗauka ka sa N100 a ƙasa sau 36, kowane gida ya fito sau ɗaya. Ya lissafa a bayyane: ci 15, ribar N1,500, faɗuwa 21, asarar N2,100. Ya rasa N600. Ya ce to bakwai fa, mai ninki huɗu? Ci 6, ribar N2,400. Faɗuwa 30, asarar N3,000. N600 ɗin dai ce. Duk inda ka sa, kusan N17 a cikin kowace N100 ta mai wasa ce, kuma wannan idan dayis ɗinsa mai adalci ne, mu kuwa mun ga yadda 'yan milimita ke karkatar da katako.

Ya tsaya yana kallon allon, ya ce, "Amma Malam na ga wanda ya ci sau huɗu a jere." Na ce a lissafa. 15 bisa 36 a ninka sau huɗu, kusan kashi 3 cikin ɗari. A tashar da mutane ke wucewa daga safe zuwa dare, dole a sami irinsa kusan kullum, kuma shi ne wanda kowa zai gani yana ihu. Sauran su kan sulale ba wanda ya ƙirga su.

Wani ya ce cacar ƙwallo daban ce, don ana sanin ƙungiyoyi. Na ce gaskiya ne ƙwallo ba dayis ba ce, amma akwai abin da ya shafe ta kai tsaye, wato haɗa wasanni da yawa a tikiti ɗaya. Ko da kana da tabbacin kashi 70 a kowane wasa, goma a haɗe 0.7 ne sau goma a kansa, bai kai kashi 3 ba. Suka danna a kalkuleta don ba su yarda ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Matsalar De Mere, Bafaranshen da tambayoyinsa suka shiga wasiƙun da Faskal da Farma, masana lissafi 'yan Faransa, suka yi wa juna a 1654, waɗanda ake ɗauka mafarin wannan fanni. Tambayar ita ce wanne ya fi yiwuwa: samun siki ko sau ɗaya a jifa 4 na dayis ɗaya, ko samun siki biyu ko sau ɗaya a jifa 24 na dayis biyu. A ido ɗaya suke, don 4 bisa 6 daidai yake da 24 bisa 36. Da hanyar ɗebewa: na farko 671 bisa 1296, kusan 51.8 cikin ɗari. Na biyu kusan 49.1. Ɗaya ya haura rabi, ɗaya bai kai ba. Bakwai daga cikinsu suka fitar da na farkon ba taimako. Na biyun ya ba su wuya wajen danna 35 bisa 36 sau 24, ba wajen tunani ba.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Zaman ƙarshe kafin azumi, ana sa ran ganin wata gobe. Na yi musu gwaji na tambayoyi goma, kuɗin fotokwafi na duk watan N2,600. Mutum goma sha biyu suka rubuta. Tara sun ci bakwai ko fiye. Uku har yanzu suna haɗa 1 bisa 6 da 1 bisa 6 duk inda suka ga dayis biyu, ba sa tsayawa su tambayi kansu "da" ake nufi ko "ko". Da allo a gabansu suna yi daidai, da an ɗauke shi sai su koma gidan jiya. A ɗakin jarrabawa babu allo, don haka dole su saba zana gidaje 36 a gefen takarda cikin minti ɗaya. Wannan ne aikin da na ba su na azumi, ba ya buƙatar dayis.

Jimlar kuɗi zuwa yau N35,200. 'Yan kasuwa biyu na unguwa sun ba da N15,000, sauran daga aljihuna.

Na sake zuwa wurin mahaifin yaron da aka cire, na kai masa takardun da muka yi ba tare da jifa ba. Ya karɓa ya ce zai ba shi, amma zuwa rumfa bai amince ba tukuna. Malam Liman ya ce zai yi masa magana bayan salla.

Bayan salla, in Allah ya kai mu, za mu shiga dayis uku, hanyoyi 216. Zan fara da tambayar da aka kai wa Galileyo a Italiya a farkon ƙarni na 17: me ya sa jimlar 10 ke fitowa fiye da 9, alhali kowace ana haɗa ta ta hanya shida? Amsar 27 da 25 ce idan an bambanta dayis ɗin, don haka ina buƙatar fenti na uku, shuɗi ko kore. Allo ɗaya ba zai ɗauki gida 216 ba. Baba ya ba da shawarar mu yi amfani da allon nan sau shida, kowane zagaye a ajiye dayis na uku a kan lamba ɗaya, a rubuta sakamakon a kwali. Saura kuma rufin rumfar: yana yoyo ta gefen gabas, ruwan Legas kuma yakan fara tun Afrilu, don haka sai na tanadi kuɗin leda mai kauri kafin mu dawo.